HARSHE DA HANKALI: Shin Harsuna Huɗu Sun Yi Wa Kan Yaro Yawa?

A wannan mako za mu karkata akalarmu zuwa kudancin Jihar Kaduna, mu yada zango a garin Godogodo na Ƙaramar Hukumar Jema'a, domin mu tattauna a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin iyaye da malaman makaranta. Maganar kuwa ita ce, wai idan aka tara wa yaro harsuna da yawa tun yana ƙarami, to, kansa zai rikice, bakinsa ya yi nauyi, karatu kuma ya gagare shi. Saboda wannan tsoro akwai gidajen da uwa da uba suka daina yi wa 'ya'yansu harshen kakanninsu suka koma Hausa zalla, wasu ma suka tsallake Hausar suka rungumi Turanci, ko da kuwa Turancin nasu bai taka kara ya karya ba.

To, shin wannan tsoro yana da tushe? Ba za a iya ba da amsa ba sai an san yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam take sarrafa magana. Akwai fannin ilmi guda da aka keɓe domin wannan, Turawa suna kiransa saikolingwistik, mu kuwa sai mu ce ilmin dangantakar harshe da ƙwaƙwalwa.

Dalilin da ya sa muka zaɓi Godogodo shi ne, da wuya a sami inda wannan tambaya ta fi shafa kamar can. Garin yana ƙasar mutanen Nindem ne, 'yan'uwan Nikyob waɗanda Hausawa suka fi sani da Kaninkon. A kewayensu ga Ninzo da Numana, ga Gwong na Kagoma, ga Fantswam na Kafanchan, gaba kaɗan ga Bajju da Ham da Atyap, ga Fulani makiyaya, ga Hausawa 'yan kasuwa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, baƙi daga kudu da arewa suka yi ta kwararowa cikin yankin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka ga yaro ɗan shekara bakwai yana magana da kakarsa da harshen gida, ya fita kasuwa ya yi ciniki da Hausa, ya shiga aji a yi masa Turanci, a tasha kuma ya tsinci buroka ko Fulatanci.

Kuma waɗannan harsuna ba 'yan gida ɗaya ba ne. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya taɓa yin bincike a ƙasar Kano, ya rarraba harsunan Afirka gida-gida a littafinsa na 1963. Ya sa Hausa a cikin harsunan Chadi, waɗanda suke da dangantaka ta nesa da Larabci, alhali kuwa harsunan kudancin Kaduna da Fulatanci suna cikin babban gidan Neja-Kwango. Turanci kuma nasa dangin suna Turai da Indiya. Ke nan wannan yaro yana ɗauke da gida uku na harsunan duniya a cikin kansa, yana kuma wasa da su ba tare da ya san ya ɗauki wani kaya ba.

KUNNE YA GIRMI BAKI

Bahaushe ya ce kunne ya girmi kaka. Masana wannan fanni kuma suka ce kunne ya girmi baki, domin jariri yana fara sauraro tun yana ciki, a watannin ƙarshe. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a birnin Faris suka nuna cewa jariri ɗan kwana huɗu, wanda aka haifa a gidan da ake Faransanci, yana iya bambanta Faransanci da Rashanci, ta hanyar jin kari da tashi da faɗuwar murya.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne binciken Janet Werker da Richard Tees na ƙasar Kanada a 1984. Sun ɗauki jariran gidajen da ba a jin kome sai Turanci, suka riƙa jiyar da su wasu sautuka na harshen Hindi da na wani harshen mutanen asalin Kanada, sautukan da iyayensu ba sa iya rarrabewa. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suka rarrabe su sarai. Amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun kasa. Watau kowane ɗan Adam yana zuwa duniya ne da kunnen da ya isa ya karɓi kowane harshe, sa'an nan kafin ya cika shekara sai ƙwaƙwalwarsa ta fara riƙe sautukan da take ji kullum, ta yi sakaci da sauran.

Wannan shi ne sirrin abin da muke gani yau da kullum. Wanda bai tashi da Hausa ba yakan sha wuya kafin ya raba kafa da ƙafa, ko dari da ɗari, ko bari da ɓari. Har Hausawa suka raɗa wa wasanninsu na karya harshe suna gagara-gwari. To, amma kowa da abin da ya gagare shi. A ce wa Bakano ko Basakkwace ya faɗi sarautar Kpop Ham daidai yadda mutanen Kwoi suke faɗa, a ga yadda zai yi fama da wannan "kp" ɗin, wanda ɗan yaye a can yake furtawa ba tare da ya yi tunani ba. Babu mai nakasar baki a cikin su biyun, kowa abin da kunnensa ya sha da ƙuruciya shi bakinsa yake bayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka uban da ya ce bari yaro ya girma tukuna sa'an nan a koya masa harshen gida, ya bar lokacin shuka ya wuce.

YADDA AKE GANE KALMA

Mai karatu, idan ka taɓa tsayawa kusa da mutane biyu suna hira da harshen da ba ka ji, za ka lura maganar tana gudu ne kamar ruwan rafi, ba ka san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. Haƙiƙa haka kowace magana take, har Hausar da kake ji. Tazarar da ke tsakanin kalmomi a takarda take, a baki babu ita. Ƙwaƙwalwa ce take yanka maganar gunduwa-gunduwa, tana gwada kowace gunduwa da rumbun kalmomin da ta tara.

Saurin wannan aiki ya wuce misali. Wani masani ɗan Ingila, William Marslen-Wilson, ya nuna tun a 1973 cewa akwai mutanen da suke iya maimaita maganar da ake zuba musu a kunne da ratar kashi ɗaya cikin huɗu na sakan kawai, kuma suna fahimtar abin da suke maimaitawa. Daga baya ya yi bayanin cewa da zarar farkon kalma ya shiga kunne, sai duk kalmomin da suke farawa da wannan sauti su miƙe tsaye a cikin ƙwaƙwalwa, sa'an nan a yi ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Alal misali, in ka ji an ce "maka", sai makaranta da makabarta da makaho da makami da makaɗi duk su yi sahu. Da an ƙara "ran", sauran sun faɗi, ka gane makaranta ake nufi tun mai magana bai rufe baki ba. In kuwa abin da aka fara cewa shi ne an yi wa mamaci salla aka nufi "maka", ai ka riga ka san inda aka dosa.

Hausa ma tana da nata ƙarin aikin. A rubutu ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma mai karatu ba ya ruɗewa in ya ga an rubuta cewa ta shiga gari sayen gari, ko kuwa ciwon wuya yana da wuya. David Swinney ya gwada irin wannan a Amurka a 1979, ya gano cewa idan kalma mai ma'ana biyu ta shiga kunne, duka ma'anonin suna farkawa na ɗan ƙiftawar ido, kana sauran jimlar ta zaɓi ɗaya ta danne ɗayar. Abin lura a nan shi ne, zaɓe tsakanin abubuwa masu takara shi ne aikin ƙwaƙwalwa na kullum, ko da harshe ɗaya tak mutum yake ji. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

DAGA ZUCI ZUWA BAKI

Zance ke nan na mai sauraro. Mai magana fa? Farfesa Willem Levelt na ƙasar Holan, a littafinsa na 1989, ya kasa aikin gida uku. Da fari mutum ya ƙulla abin da yake son faɗa. Na biyu ya zaɓo kalmomi daga rumbu, ya jera su bisa ƙa'idar nahawu, ya sa wa kowace sautinta. Na uku ya ba huhu da maƙogwaro da harshe da leɓɓa umarni. Duk wannan ana yinsa ne a kan kalma biyu zuwa uku a kowane sakan, amma tuntuɓen harshe ba ya wuce sau ɗaya ko biyu a cikin kalma dubu.

Shaidar cewa matakan nan daban-daban suke tana tare da kowa. Sau nawa ka ga mutum ka san shi, ka san garinsu, ka san sana'arsa, har kana jin sunansa da "Sa" ya fara, amma ya ƙi fitowa, sai ka ce wallahi sunan yana bakina? Roger Brown da David McNeill na Jami'ar Harvard sun yi nazarin wannan hali a 1966. Ma'ana ta samu, sauti ne ya maƙale a hanya.

A mataki na biyu ne kuma ake samun abin da wasu Hausawa suke yi wa mutanen kudancin Kaduna dariya a kai, watau irin su "uwata ya zo". Hausa tana tilasta wa mai magana ya raba namiji da mace a kusan kowace jimla, har rana da wata da tukunya da tulu sai an ba kowanne jinsi. Harsunan wancan yanki da Fulatanci ba su da wannan rabo, suna da nasu tsarin na rarraba sunaye aji-aji, wanda a Fulatanci ya kai aji ashirin ko fiye, kuma shi ne yake kayar da Bahaushe in ya tashi koyo. Har a Hausar wasu sassan Zazzau da Bauchi ma wannan bambanci na jinsi ya yi rauni. Wanda ya ce "uwata ya zo" ya san uwarsa mace ce, ƙa'idar harshensa na fari ce ta biyo shi.

Yaro kuwa ba haddar magana yake yi kamar aku ba, ƙa'ida yake tsinta da kansa. A 1958 Jean Berko ta ƙirƙiro kalmomin da babu su a Turanci ta ba yara, suka yi musu jam'i daidai da dokar harshen. Mu ma haka muke. Wa ya zaunar da mu ya ce jam'in kwamfuta kwamfutoci ne? Babu. Mota da motoci suna cikin kanmu, sai muka ɗora sabuwar kalma a kan tsohon ma'auni.

INDA MAGANA TAKE ZAUNE

A 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majinyaci da yake fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta kome sai "tan". Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da lahani a gaba ta ɓangaren hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka, watau majinyatan da magana take zuba daga bakinsu amma babu ma'ana, su kuma ba sa gane ta wasu, lahaninsu yana can baya kaɗan, daura da kunnen hagu. Yau an san cewa aikin ya fi haka faɗi, sassa da yawa ne suke haɗa hannu, amma ga mafi yawan mutane ɓangaren hagu ne jagora.

Wannan yana da amfani ga kowane gida. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ne yake juya ɓarin dama na jiki, shi ya sa mai hawan jini da ɓarinsa na dama ya shanye sau da yawa maganarsa takan tafi tare. In dattijo ya wayi gari bakinsa ya karkace, ko yana magana ba kai ba gindi, kada a tsaya cewa iska ce ko sammu, a garzaya da shi asibiti nan take, domin sa'o'in farko su ne masu tsada. Tun a 1895 kuma likita Albert Pitres na Faransa ya lura cewa mai harsuna da yawa in ya sami irin wannan ciwo, wani lokaci harshe ɗaya yakan riga sauran dawowa. Saboda haka in Hausa ta ƙi, a gwada masa harshen gida, in shi ya ƙi a gwada Hausa.

TO, KAN YARO YANA RIKICEWA?

Yanzu mu koma kan tambayarmu. Tsoron nan ba a Godogodo ya fara ba. A 1923 wani mai suna D. J. Saer ya gwada yaran yankin Wales na Birtaniya, ya ce masu harshe biyu na karkara suna da ruɗewar tunani. Aka daɗe ana yaɗa wannan, kafin a gane cewa irin waɗannan gwaje-gwaje ba su yi la'akari da talaucin iyaye da bambancin birni da ƙauye ba. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka sake gwaji a Montreal ta Kanada da yara 'yan shekara 10 waɗanda matsayin iyayensu ya yi daidai, sai ga masu Faransanci da Turanci sun zarce masu Faransanci kaɗai. Har yau masana suna gardama a kan ko yawan harsuna yana ƙara kaifin basira, amma a kan cewa ba ya rage ta, bakinsu ya zo ɗaya.

Gaskiya ne harsunan da ke cikin kai ɗaya duk a farke suke. Michael Spivey da Viorica Marian sun nuna a 1999 cewa masu jin Rashanci da Turanci, ko da harshe ɗaya ake yi musu magana, idonsu yakan leƙa abin da sunansa a ɗaya harshen ya yi kama da kalmar da suka ji. Amma ai mun riga mun ga cewa zaɓe tsakanin masu takara shi ne abincin ƙwaƙwalwa. Wadda ta iya raba gari da gari ba za ta kasa raba Hausa da Nindem ba.

Gauraya harsuna fa, irin wadda muke kira Ingausa? A 1980 Shana Poplack ta yi nazarin 'yan Puerto Rico mazauna New York masu gauraya Sifaniyanci da Turanci, ta tarar gaurayar tana bin doka, kuma waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu su ne suke iya sauyawa a tsakiyar jimla ba tare da sun karya nahawun ko ɗaya ba. Haka kuma a 1993 Barbara Pearson da abokan aikinta a Miami suka ƙirga kalmomin ƙananan yara masu harshe biyu, suka ga cewa in an duba harshe ɗaya kaɗai za a iya ganin kamar sun gaza, amma in an haɗa duka biyun sun yi kafaɗa da kafaɗa da sauran yara. Manomin da ya raba hatsinsa rumbu biyu, in ka leƙa ɗaya ka ce ya yi asara, ai kai ne ba ka gama zagayawa ba.

MAKARANTA DA GIDA

Inda gizo yake saƙa shi ne aji. Yaron da ake koya wa karatu da harshen da ba ya ji, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, ga koyon haruffa ga neman ma'ana. A nan gida Nijeriya an gwada maganin wannan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi nasa darasin a hannun ƙwararrun malamai. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke amfani da shi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa'adin zuwa aji shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin, bisa hujjar yawan faɗuwa jarrabawa.

Mu dai a ganinmu, ba a ce magani bai yi aiki ba alhali yana cikin kwalba. A makarantu da yawa dokar a takarda ta tsaya, babu littattafai, babu malaman da aka horar. Ba kuma za mu ɓoye cewa aji irin na Godogodo yana da wuyar sha'ani ba, domin in yara arba'in sun fito daga harsuna biyar, da wanne za a koyar? Amma ko mene ne doka ta ce, malami mai hikima ba zai bar yaro cikin duhu ba alhali kalma biyu na Hausa ko na harshen gida za su buɗe masa ido, kuma ba zai ɗaga bulala don yaro ya yi harshen uwarsa ba. Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, maƙwabciyar Godogodo, ita ce ta fi cancanta ta horar da malamai a kan irin wannan aji. Hanya kuwa a buɗe take, tun da Jju da Tyap suna da rubutu, har an buɗe wa Tyap nata shafin Wikipedia a 2022.

Sauran aiki na iyaye ne. Hausa ba ta bukatar taimakonku, tana jiran yaro a bakin ƙofa, Turanci yana jiransa a makaranta. Harshen gida ne ba shi da kowa sai ku, in kun yi shiru da shi ya tafi ke nan, tare da sunayen itatuwa da magunguna da tatsuniyoyi da tarihin da kaka ba za ta iya zuba su da wani harshe ba. Mu Hausawa kuma sai mu rage dariya, mu tuna cewa wanda muke yi wa ba'a a kan "ya" da "ta" yana jin harshenmu, mu ba ma jin nasa. Garin da ya ga tashin hankali irin na 2016 ya san darajar mutumin da zai iya tsayawa tsakanin jama'a biyu ya gai da kowa da harshen uwarsa, kuma irin wannan mutum tun yana goye ake fara gina shi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.